Wasa Ma Yana Da Iyaka

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, ina so ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana wadda na san ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba, balle zakarun filin wasa. Maganar kuwa ita ce, motsa jiki in ya wuce kima cuta ne, kamar yadda rashinsa ya ke cuta. Mun saba jin ana yi wa raggo faɗa, ya kuwa cancanta. Amma wanda ya ke azabtar da kansa da gudu safe da yamma, ba hutu ba sararawa, shi ba mai ce masa kanzil, sai ma tafi da kirari. A ganina shi ya fi bukatar a ja masa kunne, domin raggo a hankali lalacinsa ya ke cinsa, shi kuwa wannan yana iya faɗuwa rana ɗaya.

Kada raggaye su yi murna su ce sun sami lauya. Motsa jiki wajibi ne ga duk mai son lafiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar cikin 2020, ta ce babba ya kamata ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, yara kuwa daga shekara 5 zuwa 17 su sami minti 60 kowace rana. Da yawa daga cikinmu ko rabin wannan ba su yi. Saboda haka wanda ba ya zuwa fili sai ranar da aka kora shi da sanda, ba da shi na ke ba. Ina magana ne da wanda gasar gidaje ta gabato ya tashi haiƙan zai haɗa horon wata shida cikin mako biyu, da wanda ya ke shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda ya ke tsere da motoci a hanyar Nguru zuwa Gashua da rana tsaka, da saurayin da ya cika gwangwani biyu da siminti ya soka musu ƙarfe, ya ke ɗagawa dare da rana don ƙirjinsa ya buɗe. Sa'an nan ina magana da mu duka, domin gobe mu ne malaman wasanni, 'ya'yan mutane za a danƙa mana.

Bari mu fara duba yadda jiki ya ke samun ƙarfi, don a nan kuskuren ya ke farawa. Mutane da yawa suna tsammani a fili a ke samun ƙarfi. A fili kashe ƙarfi a ke yi. Sa'ad da mutum ya yi gudu mai tsanani ko ya ɗaga abu mai nauyi, tsokarsa takan sami 'yan ƙananan tsage-tsage waɗanda ido ba ya gani, abincin da ta ajiye ya ƙare, ruwa da gishiri su fita ta gumi. In ya koma ya ci abinci, ya sha ruwa, ya yi barci isasshe, sai jiki ya ɗinke waɗannan tsage-tsage, har ya ƙara ɗan wani abu a kan yadda tsokar ta ke da, don shirin wahalar gaba. Wannan ɗan ƙarin shi ne ribar horo. To, in mutum bai bari an gama ɗinki ba ya koma ya sake yagewa, gobe haka, jibi haka, ina ribar za ta fito? Kowane manomin gero a Jajimaji ya san gonar da a ke nomawa shekara da shekaru, ba taki ba a kuwa bar ta ta yi saura ba, damin da ta ke bayarwa raguwa ya ke yi. Jikin ɗan Adam ma haka ya ke.

Mutanen Girka na da suna ba da labarin wani ɗan kokawa wai shi Milo, wanda ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kowace rana tun yana sabon haihuwa, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya zama yana ɗaukar bijimi. Ko labarin gaskiya ne ko tatsuniya, darasinsa daidai ne. Da Milo ya fara da bijimin, da a ranar farko aka kai shi wurin mai ɗori. Sannu ba ta hana zuwa.

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma lalle jiki ba ya cutuwa bai faɗa ba, sai dai a ƙi saurara. Ga alamomin da ya ke bayarwa in an matsa masa. Mutum yana ƙara horo amma gudunsa na raguwa, tsallen da ya ke yi da sauƙi watan jiya yau ya gagare shi. Ya kwanta a gajiye amma barci ya ƙi zuwa, in ya zo kuma ya tashi da safe kamar an yi masa duka. Abinci ya fita ransa, ya fara ramewa. Mura da ciwon maƙogwaro su riƙa kama shi a kai a kai, ɗan ƙaramin rauni ya daɗe bai warke ba. Ya zama mai saurin fushi, abokan ɗakinsa su rasa gane kansa, a aji kuwa malam na magana shi yana gyangyaɗi. Wasan da ya ke ɗoki da, yanzu in an busa usur sai gabansa ya faɗi. Waɗansu kuma ƙwaurinsu ya riƙa ciwo a wuri guda, in an danna su yi ƙara, wannan kuwa yana iya zama ƙashi ne ya fara tsagewa saboda yawan dukan ƙasa. 'Yan'uwanmu mata su lura da wata alama tasu: in al'ada ta ɗauke wata da watanni ga mai yawan horo da ƙarancin abinci, jiki ne ya ke cewa abin da a ke ba shi bai kai abin da a ke karɓa ba, ƙasusuwa kuwa su ke biyan bashin. A je a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Akwai wata dabara mai sauƙi wadda ba ta bukatar kome sai agogo. Da ka farka da safe, kafin ka sauko daga gado, sa yatsu biyu a wuyan hannunka ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, ka rubuta a bayan littafinka. In ka yi mako guda kana yi za ka san adadinka. Ran da ka ga ya haura da kamar goma, ya kuwa tsaya a haka kwana biyu ko uku, to, ko dai gajiya ta taru ko wata cuta na tafe, ka huta. Wanda ya huta kwana uku a kan lokaci ya tsira. Wanda ya yi taurin kai har gajiyar ta zauna masa, yakan yi makonni, wani har watanni, kafin ya koma yadda ya ke, gasar da ya ke wa wannan wahala kuwa a yi ta yana zaune a benci.

Yanzu kuma sai mu zo ga abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna wannan yanki na Nguru da Karasuwa da Gashua, watau zafi. Littattafan wasanni da yawa a ƙasashen sanyi aka rubuta su, mu kuwa a bakin hamada mu ke. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yakan wuce digiri 40, iska ta bushe, gumi ya fita ya ƙafe nan take har mutum bai san yawan ruwan da ya rasa ba. Tsoka mai aiki ita ma wuta ta ke hurawa a cikin jiki. In zafin ciki da na waje suka haɗu, ruwa kuma ya yi ƙaranci, sai jiki ya kasa sanyaya kansa. In zafinsa ya haura digiri 40 ƙwaƙwalwa takan rikice, mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, ya yi surutai, ya faɗi. Wannan ba suman wasa ba ne, yana kashewa, yana kuma lalata hanta da ƙoda.

Ku ji abin da ya faru a birnin Bankuba na ƙasar Kanada cikin 1954, a wasannin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila da abokan tarayyarta, wasannin da Emmanuel Ifeajuna ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a tsallen sama. Ran 7 ga Agusta aka yi tseren dogon zango na mil 26 cikin zafi. Wani Bature na Ingila, Jim Peters, wanda a lokacin ba wanda ya taɓa gudun wannan zango da sauri kamarsa a duniya, ya shigo fili ya bar na biye da shi nesa ƙwarai, abin da ya rage masa bai kai zagaye ɗaya ba. Sai ƙafafu suka ƙi. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, dubban mutane na kallo, har aka ɗauke shi bai kai layin ƙarshe ba. Joe McGhee na Sikotilan, wanda ya taho a hankali, shi ya ci. Peters bai sake shiga tsere ba har ya mutu. A wannan rana, a wannan fili, wani ɗan Ingila kuma, Roger Bannister, ya ci tseren mil ɗaya. Shi Bannister likitanci ya karanta, ya san jiki. Shi ne mutumin farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, ran 6 ga Mayu na wannan shekara a Okasfod, kuma kafin wannan rana hutawa ya yi na 'yan kwanaki, bai taka filin gudu ba. Har wa yau, a gasar duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar cikin 2019, saboda tsoron zafi sai da tsakar dare aka fara tseren dogon zango na mata, amma duk da haka cikin 68 da suka tashi 40 kaɗai suka gama. Waɗannan gwanayen duniya ke nan, da likitoci a gefensu. Ina ga ɗan makaranta da ya karya da koko ya fita da ƙarfe biyu na rana?

Iyayenmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi. Manomi da asuba ya ke sammako, rana na take tsaka ya nemi inuwa. Makiyayi yakan kwantar da shanunsa a gindin itace har rana ta yi sanyi. Kokawa da dambe da kaka a ke yinsu, bayan an cika rumbu ciki ya ƙoshi, da la'asar ko da dare, sa'an nan ɗan wasa ya koma sana'arsa har wata shekara. Mai doki ma ba ya sukuwa da dokinsa kwana bakwai a jere kafin hawan salla, don ya san ranar hawa zai ba shi kunya. Abin mamaki, mu da mu ke taƙama da ilmi mu ne mu ke yi wa jikinmu abin da ba a yi wa dabba.

Maganar ƙoda kuwa, mu a nan ba a ba mu labarinta. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashua da garuruwan da ke kewaye da ita, gidaje nawa suka sayar da gona da dabbobi don kai mai ciwo wankin ƙoda, masana kuwa suna ta bincike a kan sanadinsa. Mutumin da ya ke zaune a irin wannan wuri ya kamata ya fi kowa tattalin ƙodarsa, ya guje wa duk abin da aka tabbatar yana cutar da ita. Wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa tana cikin waɗannan abubuwa. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado, inda ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, masu bincike sun sa aikin ƙarfi cikin rana a sahun gaba na abubuwan da su ke zargi, kuma a gonakin da aka tsara wa ma'aikata ruwa da inuwa da hutu an ga lahanin ya ragu.

Akwai kuma wata hanya da wahala ta ke kai wa ƙoda hari rana ɗaya. In aka azabtar da tsoka fiye da abin da ta saba, takan farfashe, wani sinadari da ke cikinta ya kwarara cikin jini, ya je ya toshe 'yan ƙananan magudanan ƙoda. Wani likita a Landan, Eric Bywaters, ya bayyana irin wannan cikin 1941, sa'ad da ya lura mutanen da aka ciro daga ƙarƙashin gine-ginen da bom ya rusa suna fitowa da rai, bayan 'yan kwanaki ƙodarsu ta tsaya. Abin da gini ya yi wa tsokarsu, mutum yana iya yi wa tasa da ɗaga ƙarfe ko tsallen kwaɗo. Alamarsa ita ce cinyoyi ko damatsa su kumbura, su yi ciwon da ya wuce na kullum, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, ya nufi asibitin Gashua ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko duk asibitin da ya fi kusa.

Abin da ya ke ƙara dagula al'amarin shi ne ƙwayoyi. Saurayi ya ji jikinsa na ciwo, maimakon ya huta sai ya tsaya a kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya haɗiya ya koma fili. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in kuwa suka tarar da jiki a bushe ɓarnarsu takan yi yawa. Wani ma tramadol ya ke sha don kada ya ji gajiya. Ciwo da gajiya su ne masu gadin jiki. Wanda ya sa mai gadi barci bai kori ɓarawo ba, ƙofa ya buɗe masa.

Wani abu kuma, ba kowane mai ƙirar ƙarfi ne lafiyayye ba. Ran 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola, bai tashi ba. Ran 26 ga Yuni 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa, ana wasa da Kolombiya. Su biyun ciwon zuciya ne da ke ɓoye, wahalar wasa ta tono shi. Saboda haka duk wanda ya ke jin ciwon ƙirji in yana gudu, ko jiri, ko ya taɓa suma a fili, ko a danginsa akwai wanda ya yi mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya, likita ya duba shi kafin a sa shi cikin 'yan wasa. Haka kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana da jinin AS. Mai irin wannan jini lafiyarsa ƙalau, yana wasa kamar kowa, amma gudu mai tsanani ba tsayawa cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari. Mai zazzaɓi kuwa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi ko zawo jiya jiya, ba shi da abin yi a fili, ko da shi ne mai ci wa gidansa ƙwallo.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce da wannan lallashi ba a cin kofi, sai an sha wuya a kan sha daɗi, namiji ba ya raki. Gaskiya ne ba a zama gwani a kan tabarma, kuma horo dole ya yi wuya wani lokaci, numfashi ya yi sama, tsoka ta yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Amma wuyar da ta ke ginawa dabam, wadda ta ke rusawa dabam, aikin malami ne ya san bambancinsu. Manyan ƙungiyoyin ƙwallo na duniya, waɗanda ke zuba miliyoyi a kan ɗan wasa ɗaya, suna auna barcinsa da abincinsa, su hana shi horo ran da suka ga gajiya ta yi yawa, kuma a wasannin da a ke yi cikin zafi alƙalin wasa yakan tsayar da wasa a sha ruwa. Ba tausayi ya sa su ke yin haka ba, cin kofin su ke so.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, watau yaran da za mu koyar. Har yanzu a makarantu da yawa, yaro in ya makara ko ya yi surutu sai a sa shi tsallen kwaɗo ya zagaya fili, ko a durƙusar da shi a rana hannuwa a sama. Malamin yana ganin ai bai taɓa shi da bulala ba. Alhali kuwa tsallen kwaɗo ɗari biyu ga yaron da bai saba ba, wanda wataƙila bai karya kumallo ba, ya yi tafiyar mil biyu kafin ya iso, yana iya kai shi gadon asibiti. Yaro ba ya iya cewa malam na gaji, tsoro ba zai bar shi ba, sai dai ya yi ta yi har ya faɗi. Bayan wannan, yaron da aka saba hukunta shi da gudu zai tashi yana ƙin gudu, mun kashe masa sha'awar abin da zai amfane shi har tsufa. Ina roƙon kowane ɗayanmu da zai fita gwajin koyarwa ya ɗaukar wa kansa alkawari ba zai mai da motsa jiki bulala ba.

Ga shawarata a taƙaice. A lokacin bazara a mai da horo bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a bar tsakar rana. A ajiye randa ko bokitin ruwa mai tsabta a bakin fili, a riƙa tsayawa ana sha, kada a ce shan ruwa ragwanci ne. Kowane ɗan wasa ya sami aƙalla kwana ɗaya a mako wanda ba ya yin kome, kuma kada ranakun wahala biyu su biyo juna. A ƙara nisa da nauyi kaɗan kaɗan. Sababbin ɗalibai, balle waɗanda suka zo daga wurare masu sanyi kamar Jos ko daga kudu, a ba su mako ɗaya zuwa biyu jikinsu ya saba da zafinmu kafin a haɗa su da 'yan gida. In azumi ya faɗo cikin zafi, kamar yadda ya yi a 2022 da 2023 da 2024, a sassauta horo a mai da shi bayan shan ruwa. In kuwa wani ya faɗi a fili yana surutai jikinsa ya yi zafi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, a ci gaba da sanyaya shi har a isa asibiti. In kuma ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji nan take, wani ya ruga neman mota. Ya kamata hukumar makaranta ta sa a koya wa kowane kyaftin wannan kafin a buɗe gasar gidaje.

Kofi na shekara ɗaya ne, baɗi wani gida zai ɗauka, amma ƙoda biyu da zuciya ɗaya aka ba kowa, da su zai yi aikin koyarwa har ya tsufa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu iya riƙon amanar yaran da za a ba mu, amin.